Na Kamu Da Son Muryarsa, Ban Taɓa Ganin Fuskarsa Ba

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 25, a Zariya nake, ɗinki nake yi a gida. Da yake sai dare ake kawo mana wuta, yawancin aikina da dare nake yi, rediyo na gefen keke. Akwai wani mai gabatar da shirin dare a wata tashar FM, tun ranar da na fara jin muryarsa na rasa sukuni. Ko sallama ya yi sai gabana ya faɗi. Na fara da kira ina miƙa gaisuwa, har ya gane ni, da na bugo sai ya ce "ga mutuniyarmu ta Zariya". Daga baya wata ƙawata ta samo mini lambarsa, muka koma WhatsApp. Wata bakwai ke nan. Ba ya rubutu, saƙon murya yake turo mini, ni kuma in yi ta maimaitawa har barci ya ɗauke ni. Hoton masallaci ne a lambar tasa. Ban taɓa ganinsa ba, ban san ko yana da aure ba, kuma gaskiya tsoron neman hotonsa nake yi. Bai taɓa cewa yana sona ba, amma kullum "ranki ya daɗe" yake ce mini. Damuwar ita ce akwai wani malamin firamare da yake zuwa wurina zance shekara guda ke nan, mutumin kirki ne, Baba ya ce ya turo magabatansa bayan sallah. Amma da ya fara magana sai raina ya ɓaci, muryarsa siririya ce, ga saurin baki. Anti, wannan so ne ko aljanu? Zunubi nake yi? In gaya wa mai muryar abin da ke raina? Me zan ce wa Baba?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Bari in fara cire miki aljanu daga lissafi, don kada ki kwashi kuɗin ɗinkinki ki kai wa masu hayaƙi. Lafiyarki ƙalau. Abin da ya same ki ya sami mutane da yawa, maza da mata, sai dai kunya ba ta barin su faɗa. Ke kin faɗa, kuma kin faɗa tsaf, har da abin da ba ki lura kin faɗa ba. Za mu zo kansa.

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka. Ni nakan ƙara da cewa ya girmi ido ma. Jariri tun yana ciki yake jin muryar uwarsa, wata da watanni kafin ya buɗe ido ya ga fuskarta. A 1980 wasu masu bincike a Amurka sun gwada jariran da ba su wuce kwana uku a duniya ba. Suka ba su wani bakin roba da aka haɗa da na'ura, in jariri ya tsotsa ta wata hanya sai ya ji muryar uwarsa, in ya tsotsa ta wata sai ya ji ta wata mace daban. Jariran suka riƙa zaɓar tsotson da ke kawo muryar uwa. Kin ga ashe tun fil azal ta kunne natsuwa ta fara shigar mu. To ke da kike zaune ke kaɗai ƙarfe ɗaya na dare, gida ya yi tsit, wuya ya ƙage, ido na raɗaɗi, ga kayan sallar mutane jibge a gabanki, sai wata murya mai sanyi ta yi miki sallama kamar ke kaɗai ta zo gaisarwa. Ina mamakin a nan?

Kuma mu mutanen rediyo ne. BBC ta fara magana da Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kakanninmu suka rataya akwatin a kafaɗa, gona da kasuwa da bakin rijiya. Akwai tsofaffin da suka yi shekara talatin suna jin muryar mai karanta labarai, sun san tarinsa, sun san ranar da mura ta kama shi, amma da za su haɗu da shi a tasha ba za su ko kalle shi ba. A da in kana son a ambaci sunanka, katin zaɓe za ka saya ka cike ka aika, ka yi sati biyu kana kasa kunne. Tsakanin mai sauraro da mai magana akwai tafiya. Da wayar hannu ta shigo a 2001, tashoshin FM masu zaman kansu kuma suka fara buɗewa a Arewa, irin su Freedom a Kano a 2003, sai katangar ta faɗi. Ka danna lamba, ga ka a iska, ga mutumin yana kiran sunanka. Tsararrakina ba za su manta da zamanin kiran dare kyauta ba, daga sha biyu da rabi zuwa huɗu da rabi na asuba, lokacin da 'yan mata da samari suka riƙa kwana a ƙarƙashin bargo suna raɗa da mutanen da ba su taɓa gani ba, wasu ma kuskuren lamba ne ya haɗa su. An yi aure ta wannan hanya, ba zan ɓoye miki ba. An kuma yi kuka, kuma kukan ya fi yawa a cikin waɗanda na sani.

Yanzu bari in gaya miki yadda ake haɗa muryar da ta hana ki barci. Rabinta baiwa ce daga Allah. Namiji idan ya balaga, tantanin da ke maƙogwaronsa yana ƙara kauri da tsayi, shi ya sa muryarsa ke faɗawa ƙasa. Na yawancin maza yana kaɗawa wajen sau 120 a daƙiƙa, na mata sau 200 da ɗoriya, wasu mazan kuma Allah Ya ba su mai zurfi fiye da saura. Ɗaya rabin kuwa sana'a ce, kamar yadda ɗinki yake sana'arki. Mai gabatarwa yana koyon inda zai ja numfashi, inda zai yi shiru, yadda zai yi murmushi yana magana don a ji murmushin a muryar. An koya masa ya yi magana kamar da mutum ɗaya yake yi, ko da dubbai ke ji. Makirfon ɗakin watsa shiri idan ka matso da baki kusa da shi yana ƙara wa murya kauri, bangon ɗakin an lulluɓe shi da soso don kada sauti ya yi amo, sannan akwai na'urar da ke daidaita muryar, ta ɗaga raɗa ta danne ihu. Duk wannan kwalliya ake yi mata kafin ta iso gefen kekenki.

Na taɓa raka wata ƙawata wani gidan rediyo, shekarun baya, za ta ba da sanarwar biki. Muna zaune a benci a farfajiya, kusa da mu wani ɗan tsamurmurin mutum ya cire takalmi ya naɗe ƙafa yana ɓare gyaɗa, yana ta mita a kan wani da ya ci masa bashin naira ɗari biyar. Ɓawon gyaɗa har a gemunsa. Ba mu ko gaisa sosai ba. Can aka leƙo aka kira shi, ya karkaɗe riga ya shige. Bayan minti biyar lasifikar da ke jikin bango ta ɗauka, sai ga muryar da na yi shekara huɗu ina ji, muryar da na yi wa rawani da doki a zuciyata. Na kalli ƙawata, ta kalle ni, dariya ta hana mu ba da sanarwar sai da muka fita waje muka dawo. Mutumin bai yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya. Ni na ɗinka masa rawanin.

Ke tela ce, za ki fi kowa gane wannan. Bawan Allahn nan ƙyalle ɗaya ya ba ki, wanda bai kai kamu guda ba. Ke kika zauna dare bayan dare kika yanka, kika haɗa, kika fitar da babbar riga har da aska takwas. Tsayinsa ke kika auna. Haƙurinsa ke kika sa. Tsoron Allahnsa, kyautarsa, yadda zai riƙe ki in kin yi fushi, duk zarenki ne. Dole rigar ta yi miki kyau, ai da ma'aunin zuciyarki aka ɗinka ta. Murya tana iya gaya miki jinsin mutum, ta ba ki kimanin shekarunsa, ta nuna miki ko Basakkwace ne ko Bakano ko Bazazzagi. Ba ta faɗin ko yana tashi sallar asuba, ko yana biyan bashi, ko yana da mata biyu da 'ya'ya tara, ko in ransa ya ɓaci hannu yake ɗagawa.

Masana ma sun daɗe da lura da wannan. A 1956 wasu Amurkawa biyu, Donald Horton da Richard Wohl, sun yi rubutu a kan irin shaƙuwar da mai sauraro ke yi da mutumin rediyo ko talabijin, inda ɓangare ɗaya ya san ɗaya kamar ɗan uwa, ɗayan kuwa bai san yana duniya ba. A cikin misalansu har da wani shirin rediyo na zamanin, inda wata mata ke yi wa gwauraye hira da dare cikin tattausar murya kamar budurwarsu. Kowane gwauro a ɗakinsa yana jin da shi take. Hangen Dala ke nan, ba shiga birni ba.

Sai dai naki ya ɗan wuce nan, tunda shi ma yana turo miki saƙo, kuma nan ne na fi son ki buɗe kunnen da kyau. Wata bakwai. Ƙanwata, namiji Bahaushe in da gaske yake, ba ya wata bakwai bai tambayi 'yar gidan wane ce ke ba. Sati biyu ya yi yawa. Zai tambayi unguwa, ya tambayi layi, ya sa a bincika masa, wata Juma'a ki ji yaro ya shigo ya ce ana sallama da ke. Wannan bai yi ko ɗaya ba, bai nuna miki fuska ba, bai gaya miki ko da iyali ba. Ba zan zarge shi da mugunta ba, don ban san shi ba. Mai yiwuwa kirki ne kawai irin na mai sana'a da masu sauraronsa. Mai yiwuwa yana jin daɗin a so shi, wannan ciwo ne da ke kama masu suna da yawa. "Ranki ya daɗe" kuwa, ki saurari shirin da kunnen basira ki ƙirga mata nawa yake gaya wa haka kafin a rufe tasha. Saƙon murya kuma ba ya ƙarewa don an tura wa mutum ɗaya. Ki duba cikin waɗanda kike maimaitawa, guda nawa ne ya ambaci sunanki a ciki?

Akwai ma tambayar da ta riga wannan. Kin tabbata lambarsa ce? Ƙawa ce ta samo miki. Ƙananan wayoyin da ake sayarwa a kasuwa da yawansu suna da abin sauya murya, ƙato ya koma budurwa. Yanzu kuma da ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar kwamfuta da ake kira AI, ana iya ɗaukar ɗan guntun maganar mutum a kwaikwayi muryarsa, ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, kuma wanda muryarsa ke iska kullum ya fi kowa sauƙin kwaikwayo. Ban ce haka ne ya faru da ke ba. Amma ko shi ne ko ba shi ba, kada ki tura kuɗi, ko da kati ne na ɗari biyu. Kada ki tura hoton da ba za ki iya nuna wa Umma ba. In ya ce ku haɗu, gidanku yana da zaure.

Ga abin da na ce kin faɗa ba ki lura ba. Kin ce tsoron neman hotonsa kike. A yau tashoshin nan da yawa suna haska shirye-shiryensu kai tsaye a Facebook, minti biyu ya ishe ki ki gan shi. Wata bakwai kina kauce wa minti biyu. Mai son mutum ɗokin ganinsa yake, har ƙarya yake shiryawa don ya bi ta ƙofar gidansu. Ke kuwa gudu kike, don can ƙasan ranki kin san ranar da kika gan shi rigar da kika ɗinka ba lallai ta shige shi ba. Abin da kike karewa shi ne wanda ke cikin kanki.

Batun zunubi, ni ba malama ba ce, ki ƙara tambayar malamar Islamiyyarku. Abin da na sani shi ne ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Faɗuwar gaba ba ke kika kira ta ba. Amma hirar tsakar dare da namijin da ba muharraminki ba, wannan da hannunki kike dannawa. Alƙur'ani da kansa ya san ƙarfin murya. A Suratul Ahzab, aya ta 32, an gargaɗi matan Annabi (SAW) kada su lanƙwasa magana don kada mai cuta a zuciya ya yi kwaɗayi. In muryar mace na iya yi wa namiji haka, ke shaida ce cewa ta namiji ma tana yi wa mace. Kuma da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi auren wata mata, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi ya je ya gan ta, don hakan ya fi sa zama ya ɗore. Bai ce ya je bayan katanga ya saurare ta ba. Mu ma a gida mun ce gani ya kori ji, mun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

To me za ki yi? Ki fara da wani ɗan gwaji da ba zai ci miki ko sisi ba. Ki zaɓi saƙon da kika fi so a cikin nasa, da rana tsaka, ba da dare ba. Ki ɗauki littafin da kike rubuta awon mutane, ki rubuta duk abin da ya faɗa, kalma bayan kalma. Ki ajiye wayar ki karanta da idonki, ko ki ba ƙaninki ya karanta miki da muryarsa ta 'yan makaranta. Abin da ya rage a takardar shi ne abin da mutumin ya gaya miki. Sauran kiɗa ne. Ina zargin za ki tarar da "ya aiki, ya gajiya, Allah Ya bar zumunci", amma ki gwada ki gani da kanki.

Daga nan ki nemi fuskarsa, a ranar, kada ki ɗaga. Ki kira wata 'yar uwa da kika yarda da ita ku kalla tare, don in dariya ce ku yi ta tare, in kuka ne ta riƙe ki. In kin gan shi abin ya sace kamar tayar keke, shi ke nan, Allah Ya yaye miki da sauƙi. In kin gan shi kuma zuciyar ta ƙi sauka, to kada ki tura masa "ina sonka". Wannan kalma in ta shiga wayar da ba ki san mai ita ba, ba ki da iko da inda za ta kwana. Mace ta nuna sha'awar aure ba abin kunya ba ne, Nana Khadija ta yi, amma ba da bakinta ta je ba, Nafisa ta aika. Ki sa yayanki ko wani kawu mai hankali ya bincika: wane ne shi, yana da iyali, me mutanen unguwarsu ke cewa. In ya ci jarrabawar, a gaya masa a fili cewa yarinyar nan ana maganar aurenta, in yana da niyya ga ƙofar gida. Mai niyya zai zo kafin sati ya zagayo. In ya fara "ai mu ci gaba da fahimtar juna tukuna", kin sami amsarki, ki goge saƙonnin gaba ɗaya, har wanda kika tura wa kanki don ajiya. Na san akwai shi.

Kafin nan ki ba kunnenki hutu na sati biyu. Ki sauya tasha, ko ki sa karatun Alƙur'ani, ko ki jawo ƙanwarki ta taya ki hira tana sa miki maɓalli. Kwana uku na farko za su yi miki ɗaci kamar mai barin goro. Za su wuce.

Saura malam, wanda shi ne ya fi ba ni tausayi a wasiƙar nan. Kin ɗora shi a sikeli ɗaya da mutumin da ke da makirfo da injiniya. Shi kuwa tun ƙarfe takwas na safe yake ɗaga murya a kan yara cike da aji, ƙurar alli na shiga maƙogwaronsa, ya taso da yamma ya yi wanka ya zo ya tsaya a zaurenku sauro na cizonsa. Saurin bakin ma wataƙila kwarjininki ne. Na lura a duk wasiƙarki aibinsa ɗaya kika kawo, kuma ina so ki tambayi kanki yaushe kika fara jin muryar tasa tana ɓata miki rai. Shekara guda yake zuwa. Wata biyar na farko, kafin mutumin rediyo ya shigo wayarki, haka kike ji?

Ban ce dole ki aure shi ba. In bayan kin yi sati biyun nan, kin yi istihara, kin zauna da shi da zuciya ɗaya, har yanzu ranki bai kwanta ba, wannan hujja ce mai zaman kanta. Matar Sabit ɗan Ƙais ta je gaban Annabi (SAW) ta ce ba ta zargin mijinta a addini ko hali, amma ba za ta iya zama da shi ba, aka ce ta mayar masa da gonarsa su rabu. Ƙin zuciya ba wasa ba ne. Gara ki faɗa tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa, kafin a fara haɗa lefe, kafin manya su zauna su sa rana, don bayan nan ba ke kaɗai za ki ji kunya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki riƙe shi a hannun hagu kamar canji, kina jiran abin da hannun dama zai kamo.

Baba kuma ba ke za ki tare shi ba. Ki sami Umma a ɗaki bayan isha, ki ce kina roƙon a ƙara miki wata guda kafin a turo, kina son ki yi istihara ki natsu. Ba sai kin kawo zancen rediyo ba a zaman farko, ko da yake in ta kalle ki da kyau ina jin ta riga ta sani. Uwa ba ta rasa lura da 'yar da ke ɗinki da abu a kunne tana murmushi ita kaɗai.

Ki rubuto mini bayan sallah. Ina son in ji abin da ya rage a littafin awon nan, kuma in kin ga hoton, ki gaya mini ko da gyaɗa a gemunsa.